Yadda siminti ya kori gwano, ya bar wa Sabon Gari kiyashi

Da wuya rana ta fito ta faɗi a Kano ba a ji an ambaci "jerin gwano" ba. Jerin gwanon motocin gwamna, jerin gwanon 'yan ɗaurin aure, jerin gwanon masu zanga-zanga.

Amma da za a tsayar da yaron da aka haifa ya tashi a France Road ko New Road, a tambaye shi ko ya taɓa ganin gwano da idonsa, ba lalle ne ya ce e ba.

Abin da ya sani shi ne kiyashi. Ya san shi a gwangwanin sukari, a ledar burodi, a bayan kwalin biskit. Ya ga yadda mai shayi ke tsoma gwangwanin madara a cikin kwanon ruwa don kada kiyashi ya hau, da yadda mai shago ke zagaye ƙafar kanta da garin magani kafin ya rufe da dare.

Wannan ba hatsari ba ne. Masana halittu sun daɗe da gano cewa idan mutum ya sauya yadda yake amfani da ƙasa, daga daji zuwa gona, daga gona zuwa gini, tururuwa ba ta ƙarewa gaba ɗaya. Musanya ake yi. Masu aiki a cikin ƙasa da masu farauta su tafi, masu rayuwa a kan ragowar abincin mutum su yawaita.

Sabon Gari, unguwar da shekarunta suka haura 110, wuri ne da za a iya ganin wannan musanya ƙarara.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Bahaushen ƙauye bai taɓa yi wa tururuwa kuɗin goro ba. Kowace da sunanta da halinta.

Akwai tururuwa mai jan hatsi, wadda ke share fili a bakin raminta, ta yi hanya doguwa zuwa gona ko masussuka. Rumbunta na ƙarƙashin ƙasa ba ƙarami ba ne, shi ya sa a shekarun yunwa mutane suka sha tona gidanta don neman abin da za su dafa. An ga haka a Jamhuriyar Nijar lokacin ƙarancin abinci na 2005.

Akwai gwano, baƙi ƙato mai wari, wanda ya ba mu karin maganar nan ta cewa ba ya jin warin jikinsa. Akwai kwarkwasa mai tafiya runduna guda, wadda in ta shiga ɗaki sai kowa ya fita. Akwai cinnaka, wanda aka ce bai san na gida ba. Sai kiyashi, ɗan autansu.

Gara ba ta cikin wannan dangi, duk da kamannin da ake gani. Ita 'yar uwar kyankyaso ce, tururuwa kuwa dangin ƙudan zuma da rina ce. Hasali ma tururuwa ce babbar abokiyar gabar gara.

Masana sun tantance nau'in tururuwa fiye da 14,000 a duniya. A 2022, wani ayarin masu bincike ƙarƙashin Patrick Schultheiss ya tattara sakamakon nazarce-nazarce 489, ya ƙiyasta cewa akwai aƙalla tururuwa tiriliyan 20,000 a bayan ƙasa. Wato kowane mutum ɗaya yana da kimanin miliyan biyu da rabi. Nauyinsu a haɗe ya fi na dukkan tsuntsayen daji da namun daji masu shayarwa.

Halitta mai wannan yawa, in ta sauya a wani wuri, ƙasar wurin ma ta sauya.

Daga gona zuwa kankare

Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, kuma ya tarar da gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa kanta. A waje kuwa, Fagge zango ce ta fataken da ke ketare Sahara da raƙuma. Bayanta buɗaɗɗen fili ne, a yankin da ya yi suna da gonakin gero da dawa masu ɗauke da ɗorawa, kuka, tsamiya da gawo.

Irin wannan gona tana da duk abin da tururuwa ke so: ƙasa mai laushi, inuwa, busasshen ganye, ƙwayar ciyawa, da ƙananan kwari.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, kuma a 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgin daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Sunayen tituna irin su Freetown da Gold Coast har yau suna tuna wa mutane inda wasu daga cikin mazaunan farko suka fito.

Daga nan ƙasar ta riƙa rufewa sannu a hankali. Gidajen ƙasa suka koma na siminti, na ƙasa suka koma benaye. Tsakar gida da a da ake sharewa a yayyafa ruwa ta koma daɓen kankare ko tayil. Lunguna suka sha intalok. Kasuwar Sabon Gari, wadda ke ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, da Kasuwar Singa da Kantin Kwari suka mamaye abin da ya rage.

A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda Sabon Gari ke cikinta, tana da mutum kusan 200,000, ban da ɗimbin masu shigowa kasuwa kullum.

Ko gaɓar rafin Jakara, wadda ta daɗe tana riƙe da danshi da ciyayi a tsakiyar gari, an fara rufe ta da kankare a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, domin a yi titi a kai. Aikin yana da dalilansa na tsafta da zirga-zirga, amma ga halittun cikin ƙasa, wani yankin mafaka ne ya tafi.

Ranar da tururuwa ke yin fiffike

Hausawa na cewa in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. A cikin wannan karin magana akwai bayanin yadda siminti ke kashe zuriyarta.

Masu fiffiken da ke fitowa bayan ruwan farko ba ma'aikata ba ne. Sababbin sarauniyoyi ne da mazajensu, sun fito barbara a sama. Mazan na mutuwa cikin ɗan lokaci, nan ne karin maganar ta yi gaskiya. Amma ita macen tana sauka, ta karya fikafikanta da kanta, ta haƙa ɗan rami, ta shige ta fara ƙwai. Daga wannan rami guda sabon gida ke tashi, kuma a wasu nau'o'in sarauniya na iya rayuwa fiye da shekara goma.

Wannan mataki yana buƙatar abu ɗaya: ƙasa a buɗe, mai ɗan danshi. Sarauniyar da ta sauka a kan kwalta ko intalok ba ta da inda za ta haƙa. Kafin ta yi nisa ƙadangare ya tsince ta, ko taya ta taka ta, ko zafin daɓe ya gasa ta. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, kuma kankaren da rana ta buga ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Fitilun titi da na shaguna su ma suna janyo masu fiffike da dare zuwa inda babu ƙasa.

Tsohon gida na iya daɗewa a gefen katanga, amma in ya mutu babu mai maye gurbinsa. Haka nau'i ke ɓacewa daga unguwa ba tare da kowa ya lura ba.

Abinci ma ya sauya. Mai jan hatsi na buƙatar ƙwayar ciyawa. Gwano na buƙatar gara da kwarin da ke cikin ruɓaɓɓen ganye da itace. Kwarkwasa na buƙatar inuwa, danshi da fili mai faɗi na farauta. Unguwar da ake share kowane ganye a ƙone ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Baƙin da suka zo a cikin kaya

To me ya sa kiyashi bai tafi ba?

Saboda ƙananan tururuwan da suka mamaye biranen ƙasashe masu zafi, har da na Najeriya, suna da wata dabara daban. Daga cikinsu akwai ɗan ƙaramin nan mai launin ruwan zuma da Turawa suka laƙaba wa sunan Fir'auna, da wata baƙa mai dogayen ƙafafu da ke gudu ba tsari kamar wadda ta zautu, da wata mai ƙaton kai.

Waɗannan ba sa dogara da tashi sama ko haƙa rami. Barbararsu a cikin gida ake yi ko a kusa da shi. Gida ɗaya na iya ɗauke da sarauniyoyi da yawa. In wuri ya yi musu kaɗan, sai wata sarauniya ta ɗebi ma'aikata da ƙwai, su taka zuwa wani tsagin bango, ko cikin kwali, ko bayan makunnin lantarki. Ba sa zaɓen abinci: sukari, mai, nama, mataccen kyankyaso, duk ɗaya ne.

Wannan hali ne ya sa suka zagaye duniya a cikin jiragen ruwa, jiragen ƙasa da manyan motoci. Gida sukutum na iya tafiya a cikin kwali guda. Wuri irin Sabon Gari da Singa, inda kullum ake sauke buhunan sukari da fulawa da katan-katan na kayan masarufi daga tashoshin ruwan Legas, ƙofa ce a buɗe gare su. Kuma idan sun iso, manyan tururuwan da za su yi gogayya da su ba sa nan.

Ba a Kano kaɗai ake ganin haka ba. A birnin New York na Amurka, masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina sun gano cewa tsibiran da ke tsakiyar manyan tituna sun fi wuraren shaƙatawa masu bishiyoyi ƙarancin nau'in tururuwa.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa na birnin ma suna da ranarsu. Wani binciken jami'ar da Elsa Youngsteadt ta jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya nuna cewa tururuwa da sauran kwari na cinye kusan tan ɗaya na abincin da ake zubarwa duk shekara a tsakiyar wasu titunan birnin. Abin da suka cinye, ɓera bai samu ba.

Matsalar ita ce ba su san iyaka ba. Tun a 1972 wani rahoto a mujallar likitoci ta Lancet ya nuna cewa kiyashin nan mai sunan Fir'auna, da aka kama a asibitoci tara na Birtaniya, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu haɗari. Wanda ya bi kwata da safe na iya bin kwanon abinci da rana.

Me aka rasa?

Abu na farko shi ne hanyar ruwa. Ramukan tururuwa da gara ƙananan bututu ne da ke kai ruwan sama da iska cikin ƙasa. A ƙasashe masu danshi tana ce ke wannan aiki, a busassun wurare irin namu kuwa yawancinsa a wuyan tururuwa da gara yake.

A 2011, Theodore Evans da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a wata busasshiyar gonar alkama a yammacin Ostireliya. Inda aka bar tururuwa da gara, amfanin gona ya fi na inda aka kashe su da kashi 36 cikin 100, saboda ruwa ya fi shiga ƙasa kuma sinadarin naitirojin ya fi yawa.

Babu mai cewa rashin tururuwa ne ke jawo ambaliyar da ke cika titunan Kano a watan Agusta. Toshewar magudanai, cike kududdufai da gini a kan hanyar ruwa su ne kan gaba. Amma daɓen da ya hana sarauniya haƙa rami, shi ne dai ya hana ruwa nutsewa. Ruwan da bai nutse ba yana tafiya kwata, alhali rijiyoyin burtsatse na unguwa daga ƙarƙashin ƙasar nan suke sha.

Abu na biyu shi ne masu gadi. Manyan tururuwa masu farauta ne ke rage yawan gara da tsutsotsi. A gandun Comoé na Kwaddibuwa, Erik Frank ya bi diddigin wani nau'i mai fita a jere yana kai wa gara hari. A 2017 ya nuna cewa suna ɗauko 'yan uwansu da suka ji rauni su kai gida, a 2023 kuma ya nuna cewa suna shafa wa raunin wani magani daga jikinsu, wanda ke rage mutuwa da kusan kashi 90 cikin 100. Gara na iya rayuwa a ƙarƙashin gini, ta hau ta ci katakon rufi da kanta. Mai farautarta ne ba ya iyawa.

A yankin Borgou na arewacin Jamhuriyar Benin, binciken da Paul Van Mele da Jean-François Vayssières suka wallafa a 2007 ya nuna cewa bishiyoyin mangwaro masu ɗauke da jajayen tururuwan nan da ke ɗinke ganye su yi gida, sun fi tsira daga ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa. Manoman lemo a ƙasar Sin sun fi shekara 1,600 suna amfani da irinsu.

Misalin da ya fi ba da mamaki daga Kenya ya fito. A gandun Ol Pejeta, tururuwar gida na zaune a jikin wata bishiyar ƙaya, tana cizon hancin duk giwar da ta zo ci. Sai mai ƙaton kai, wadda ba 'yar yankin ba ce, ta shigo ta kashe ta. Giwaye suka samu sake suka kakkarya bishiyoyi, zakuna suka rasa maɓoya.

Binciken Douglas Kamaru da ya fito a mujallar Science a Janairun 2024 ya nuna cewa tsakanin 2003 da 2020, kason jakin dawa a cikin abin da zakuna ke kamawa ya sauka daga kashi 67 zuwa 42, sun koma farautar ɓauna. Ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya sauya wa zaki abinci.

Fiya-fiya ba mafita ba ce

Martanin da aka fi yi wa kiyashi a shaguna da gidaje shi ne feshi, galibi da fiya-fiya ko wani maganin gona mai ɗauke da sinadarin dichlorvos.

Nan akwai haɗari biyu. Na farko ga mutum. Sinadarin guba ne mai taɓa jijiyoyi, ba a yi shi domin a zuba kusa da abinci ko a ɗakin kwana ba. Saboda ragowarsa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da taƙaita sayar da shi a ƙananan kwalabe.

Na biyu, feshi na iya ƙara matsalar. Waɗanda ake gani a kan kanta ma'aikata ne kawai, sarauniyoyi na ɓoye. Idan aka tayar wa irin waɗannan gidaje hankali, sai su rabu kashi-kashi, gida ɗaya ya zama uku. Feshin tsakar gida da gindin bishiya kuma yana kashe ragowar tururuwan ƙasa, waɗanda su ne ke tare wa baƙin hanya.

Masu yaƙi da kwari sun fi ba da shawarar a rufe sukari da mai a mazubi mai murfi, a goge hanyar da kiyashi ke bi da ruwan sabulu, a toshe tsagin bango, a gyara famfo mai yoyo. In ta kama a sa magani, a yi amfani da irin wanda ake haɗawa da abinci su ɗauka su kai wa sarauniya, a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Abin da bai gagara ba

Labarin ba duka ne mai ɗaci ba. A 1993, Robert Belshaw da Barry Bolton sun kwatanta tururuwan da ke cikin busasshen ganye a dazukan Ghana da na gonakin koko, ba su ga wani babban bambanci ba. Darasin shi ne, ba kasancewar mutum a wuri ke korar tururuwa ba. Muddin akwai inuwa, ganye a ƙasa da ƙasar da ba a rufe ba, da yawansu na zama.

Shi ya sa a Ostireliya, tun shekarun 1980, ake ƙirga nau'in tururuwa don a auna ko ƙasar da aka haƙi ma'adinai ta farfaɗo. Aikin ba ya cin kuɗi: ƙananan kofuna da ake binnewa daidai da fuskar ƙasa, a kwashe bayan kwana biyu ko uku. Ɗalibin nazarin halittu a Jami'ar Bayero zai iya jera irinsu daga Sabon Gari zuwa gonakin Minjibir har dajin Falgore, ya nuna wa masu tsara birni abin da kowane mataki na gini ke ci.

A cikin Fagge da Sabon Gari ma akwai ragowar wurare: harabar makarantu, masallatai da coci-coci, maƙabartu, gefen layin dogo, kewayen filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, da lambunan da ke bin Jakara ta wajen Kwakwaci. Su ne rumbun iri. Daga can sababbin sarauniyoyi ke tashi duk damina.

Mai gidan da zai daɓe tsakar gidansa na iya barin taku biyu a gindin darbejiya ko mangwaro. Mai sa intalok na iya barin bakin katanga. Makaranta na iya tara ganyen da aka share a gindin bishiya maimakon ƙonawa. Hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma tana da ikon duba nawa ne daga kowane fuloti za a bari a buɗe kafin ta amince da zanen gini.

Idan ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, masu fiffike za su sake taruwa a ƙarƙashin fitilun France Road. A cikinsu akwai sarauniyar da za ta sauka, ta karya fikafikanta, ta shiga neman ƙasa mai faɗin tafin hannu. Ko za ta samu, ya danganta da abin da masu gidajen unguwar suka bar mata.